Lisans ta waya daga Illela: abin da ƴan zauren Adar suka ce

Ɗan Garkawa: Salamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Ƙanwata ta samu BAC (takardar kammala sakandare) bara, bayan sallar layya aka ɗaura mata aure, yanzu tana Illela (tamu ta Nijar, ba Illelar Amarawa ba). Maigidanta bai hana ta karatu ba, amma ya ce zamanta Tawa ko Yamai ita kaɗai bai taso ba, shi kuma aikinsa can yake. Ta turo mini tallar wata makaranta da ta gani a Facebook, wai ana yin lisans (digirin farko na jami'a) daga gida ta waya, shekara 3. Ni zan biya. Kafin in zuba kuɗina ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa yi.

Alhaji Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗɗinka. Mu dai ba mu taɓa jin wanda ya zan likita ko alƙali kwance bisa tabarma shina latsa waya ba. Yaran ga da anka kai lakwal, mushe na tsaye kansu, ba su yi ba, balle wadda ke ɗaka da miji da tukunya.

Mushe na Keita: Alhaji, ranka shi daɗe, a yi mini haƙuri in ce wani abu, don ni cikin abin nake. Malamin firamare ne ni, kwantiragi, a wani ƙauye bayan Keita. Da BAC na fara aiki. In na ce zan koma jami'a in zauna aji, sai na bar aikin, in na bar aikin kuwa gidanmu babu mai ɗaukar hatsi. Karatun nesa ne ya raba mini wannan gardama. Yanzu ina shekara ta biyu a fannin ilimin koyarwa, kuma kullum da safe ina gaban ɗalibaina.

Yadda nake yi kuwa ba abin burgewa ba ne. Cikin garin babu rezo, sai kan wani tudun duwatsu gabas da makaranta. In an tashi yara da rana sai in hau can, in rataye wayar a reshen wata aduwa cikin safa, don ƙasa-ƙasa sanda ɗaya take kamawa, sama kuwa biyu. In zauna inuwa har darussan mako su sauka. Da dare bayan lisha in kunna fitilar sola in kwafe su cikin kaye da hannuna, don ido ba ya jure ƙananan rubutun waya. Aikin gida a takarda nake yi, in ɗauki hoto, gobe in koma tudu in tura. Cajin waya wajen mai shagon da ke da faranti biyu na sola. Wahala ce, ban ɓoye ba. Amma a da, mutum irina ko wahalar ba ya da damar sha.

Hajiya Ungozoma: Allah ya biya ka, mushe. Alhaji, ni maganarka ta miji da tukunya ce ta taɓa ni. A ƙasar nan kusan mace uku cikin huɗu ana yi mata aure kafin ta cika shekara 18, alƙaluman UNICEF ke nan. Wadda ta kai har BAC ta tsallake rijiya da baya. In muka ce sai ta bar ɗakinta ta tafi Yamai, kilomita sama da 500, ta bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ta nemi ɗaki, to mun ce mata ta haƙura ke nan, don mun san ba za a bar ta ba. Akwai wata ɗiyar maƙwabtanmu a Bilbis da nake gani in na dawo aikin dare. Goyo a baya, ta jingina waya jikin langa, abin saurare a kunne ɗaya, ɗaya kunnen ta bar shi ga yaron da ke barci ciki, tana rubutu bisa gwiwa. Lissafin kasuwanci take karanta. Wannan da ba don waya ba, karatunta ya ƙare ranar da aka kai ta.

Alhaji Mai Albasa: Hajiya, na ji. To ke da kike aikin likita, za ki yarda wadda ta koyi karɓar haihuwa ga waya ta taɓa ɗiyarki?

Hajiya Ungozoma: A'a wallahi, ko kusa. Nan kam ka yi gaskiya. Aikin hannu sai da hannu. Allura, ɗinki, sanin kwanciyar ɗa a ciki, duk sai ka tsaya gefen wadda ta iya. Amma ba shi ake tambaya ba. Shari'a, tattalin arziki, gudanar da ma'aikata, ilimin koyarwa, harsuna, rabin ilimin kwamfuta, duk karatu ne da rubutu da muhawara. Mu ma da muka gama, ƙarin horo da yawa yanzu ta waya yake zo mana, ba sai an kwashe ma'aikata zuwa Yamai an bar asibiti wayam ba.

Tsohon Darakta: Ƴaƴana, ku bar ɗaukar abin nan kamar jiya aka haife shi. Ƙasar nan na cikin na farko a Afirka da suka gwada koyarwa daga nesa. A 1964, zamanin Diori Hamani, aka fara talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa. Bayan gwajin farko, makarantu kamar 20 ne a kewayen Yamai. Ana shirya darasi a situdiyo, a watsa, yara su kalla a aji. Wasu akwatunan ma da hasken rana aka riƙa kunna su, tun duniya ba ta san sola ba. Gidan Télé Sahel da kuke kallo daga wannan tushe ya fito. Kafin shi akwai kulob-kulob na rediyo, inda manya ke taruwa su saurari shiri su tattauna da jagora.

Abin da nake so ku kula da shi, ba a taɓa barin yara su kaɗai da akwati ba. Kowane aji akwai monita. Karatunsa bai da zurfi, yawanci satifiket ɗin firamare ne da ɗan horo, amma shi ke kunna akwati, shi ke sa yara su maimaita, shi ke duba allo. Na yi aiki da malaman da suka fito daga wannan tsari, faransancin bakinsu ya fi na da yawa daga cikinmu. Daga baya aka zo da IFADEM don horar da malamai suna bakin aikinsu, shi ma ƴan littattafai ne ake raba musu, ga mai bibiya da ke tara su lokaci-lokaci. Saboda haka ni tambayar da zan yi wa makarantar nan ta Facebook guda ce: wa zai riƙa duba yarinyar? In ta yi mako uku ba ta turo aiki ba, akwai wanda zai kira ta?

Ɗan Garkawa: Baba, wannan ban tambaya ba. Lambar WhatsApp kawai suka sa, suka ce a tura kuɗin rajista ta Nita a kama wuri kafin ƙarshen wata.

Mai Shari'a: Innalillahi. Ƙanena, tsaya nan, kada ka tura ko dala. Ban ce ɓarayi ba ne, ban san su ba. Amma makarantar kirki ba ta gaggauta ka. Ka nemi su ba ka lambar takardar izinin buɗewa daga Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, ka sa wani a Yamai ya taka ya je ma'aikatar ya tambaya da bakinsa. In makarantar waje ce, ka bincika ko ƙasarsu ta amince da ita, sannan ko za a yi wa takardar daidaito a nan. Ka kuma duba ko wannan diplom ɗin, shi kansa, yana cikin waɗanda CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, ta amince da su. Ba makaranta ɗungurungum take amincewa da ita ba, kowane fanni da nasa dosiye, sai ka ga makaranta ta samu a fanni ɗaya ta manna tambarin a kan duka tallarta. CAMES ɗin ma a taron Yamai na 1968 aka yanke shawarar kafa ta, ko da yake mazauninta Wagadugu.

Sai bambancin da ke kayar da mutane da yawa. Takardar shaidar ka bi kwas daban, diplom daban. Coursera, FUN-MOOC, OpenClassrooms, za ka koyi abu na gaske a kansu, wasu darussan kyauta. Amma takardar kwas na mako shida ba ta shigar da kai konkur ɗin aikin gwamnati inda aka ce a kawo lisans. Na ga masu kuka a kan wannan bayan sun kashe kuɗi da shekaru.

Alhaji Mai Albasa: Yawwa! Ga maganar manya. Ko albasa, ba ni sayen buhun da anka ɗinke baki sai na kwance na tura hannu har ƙasa. Ta sama kullum mai kyau ta.

Ɗan Abijan: Alhaji, gafara dai, ai kai ma ɗalibin nesa ne ba ka sani ba. Ba kai ne ka turo mana muryar nan ta RECA, ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, a zauren nan ba, wadda ke bayani da Hausa kan tsutsar da ke cin ganye da yadda ake gane maganin feshi na jabu? Har ka ce ta yi maka amfani a garkarka ta Galmi.

Alhaji Mai Albasa: Wannan ai shawara ta, ba lakwal ba.

Ɗan Abijan: Injiniyan noma yana zaune Yamai, kai kana bakin rudu, ya koya maka abin da ba ka sani ba, ka yi aiki da shi. Ka kira shi yadda kake so.

Ni abin da na gani nan Kodibuwa nake son faɗi. Suna da jami'ar intanet ta gwamnati tun 2015. Senegal ta riga su, tun 2013, kuma dabarar Senegal ita ce ta burge ni. Sun gina cibiyoyi a garuruwa daban-daban, ɗakuna da wuta da intanet, ɗalibi ya je ya zauna da ƴan uwansa, ya samu mai taimaka masa, ya yi jarrabawa a can. Malamin yana nesa, amma ɗalibin ba shi kaɗai yake ba. Maganar Baba Darakta ke nan. Mu ma an kafa tamu, Université Virtuelle du Niger. Ni da za a ji tawa, kowane babban gari, Illela, Buza, Madawa, Keita, Abalak, a samu ɗaki ɗaya irin wannan. Kuma ku tuna da ƴan bida. Samarin Adar nawa ne nan Abijan, da Kamaru, da Libiya, waɗanda suka bar lakwal daga kolej? Akwai wani yaronmu mai tura kaya a Ajame, da YouTube ya koyi gyaran waya, ya haɗa da zama wajen wani mai gyara. Bana da ya je gida da damina, tebur ya kafa a kasuwa.

Malam na Masallaci: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ina da tsoro ɗaya da ba a taɓo ba. Magabatanmu da suke tafiya gabas neman ilimi, ba don babu littafi a gida ba ne. Zama gaban malami suke nema. Ka ga yadda yake zama, yadda yake haƙuri da mai tambaya, yadda yake cewa Allahu a'alamu. Tarbiyya ke nan, kuma waya ba ta ba da ita. Yanzu yaro ya saurari wa'azi goma a TikTok ya zo yana gyara wa liman salla.

Ɗalibar Yamai: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Sai dai a ajin da na yi shekarar farko ta jami'a, mun fi ƙarfin ɗakin. Wanda bai zo da asuba ba a tsaye zai yi darasi, na baya kuwa ko muryar malamin ba ya ji sosai. Har shekara ta ƙare malamin bai san akwai ni a duniya ba. Abin da ya cece mu zauren WhatsApp na aji: na gaba su naɗi murya, su ɗauki hoton allo, mu saurara a ɗaki. Ashe karatun nesa muke yi, ga kuɗin haya da na taksi muna biya a kai. Zama gaban malamin da Malam ke nufi, a zaure ake samunsa da ɗalibi goma, ba a irin wannan aji ba.

Malam na Masallaci: Ɗiyata, kin kawo hujja. Ni ma ina da mata ƴan Islamiyya da suka yi aure nesa, suna turo mini karatunsu ta murya ina gyara musu tajwidi. Amma waɗannan na san su, sun zauna gabana shekaru kafin su tafi. Da wadda ban taɓa gani ba ce, ban san ko zan iya ba.

Injiniya: Bari in shigo ta ɓangaren aljihu, don nan mutane ke faɗuwa. Darasi iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, ta Zoom ko Google Meet, malami na magana kana kallo a lokacin. Akwai wanda ake ajiyewa, ka sauke lokacin da ka samu dama. Ga mutumin Illela ko Keita, na biyun shi ne nasa. Awa ɗaya ta bidiyo tana cin ɗaruruwan mega, littafin PDF marar hotuna kuwa sau da yawa bai wuce mega 2 ko 3 ba. Duk makarantar da ta ce dole kullum ka hau Zoom awa uku, ba don mu aka tsara ta ba, forfe zai cinye abin da ka tsira da shi na haya. A tambaye su ko suna da Moodle, dandalin da makarantu ke ɗora darussa a kai, don manhajarsa ta waya tana barin ka sauke darasi ka karanta ba rezo. In dole sai bidiyo, a rage ingancin hoto, a rufe kyamara a bar murya. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender. A kuma ajiye layi biyu, don inda Airtel ya yi rauni wataƙila Moov ko Zamani ko Niger Telecom na kamawa, kowane gari da nasa. Tun 2025 Starlink na aiki a ƙasar nan da izini, ya yi wa mutum ɗaya tsada, amma mutum ashirin in sun haɗa kai wata magana ce. Ɗan Garkawa, in da hali ka nema mata ordinatar ko ta hannu ce. Rahoton ƙarshen lisans ba ya rubutuwa da babban yatsa.

Kawun Yara: Duk kun manta kuran. A 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, wa ya yi karatu? Ko fanka ba mu gani ba, balle Zoom. Kuma a 2020 da korona, an rufe makarantu daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni. Ƴaƴan masu hali a Yamai suka ci gaba ta waya, namu na ƙauye suka koma kiwo da ɗiban ruwa. Abin nan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi yake yi.

Injiniya: Kawu, rabin maganarka haka take. Yaron firamare ba a ba shi waya a ce ya koyi karatu, wannan sai aji da malami, kuma korona ta nuna haka ko'ina a duniya. Amma batun wuta yana sauyawa. Ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda mai 30 a Yamai. Waya da fitila kuwa ƙaramin faranti ya ishe su. Mushe na Keita bai taɓa ganin wutar kuran a ƙauyensu ba, ga shi a shekara ta biyu.

Kawun Yara: Mushe mutum ɗaya ne. Nawa suka fara tare da shi?

Mushe na Keita: Kawu ya kama ni a nan. Da yawa sun zube, tun watannin farko. Ba don sun fi ni rashin kai ba, wasu sun fi ni. Kaɗaici ne. Ba mai tambayarka, ba mai ganin ka makara, ga biki ga suna ga gona, kullum ka ce gobe. Mu da muka rage, yawancinmu waɗanda suka samu abokan tafiya ne. Mu huɗu ne a yankinmu, ranar kasuwar Keita muke haɗuwa, mu dafa shayi, kowa ya kawo inda ya maƙale. In ɗaya ya yi shiru sai a bi shi har gida. Ƙanwar Ɗan Garkawa in za ta yi, ta nemi ko mace biyu a Illela su fara tare. Kuma a zauna da maigidan tun yanzu, ya san za ta riƙa riƙe waya da dare, akwai malamai maza da ɗalibai maza a zauren aji. Na san wadda karatunta ya mutu a kan wannan kaɗai.

Hajiya Ungozoma: Da uwar miji. Kada a manta da uwar miji.

Tsohon Darakta: A kuma duba kusa kafin nesa. Jami'ar Djibo Hamani tana nan Tawa, akwai shari'a da tattalin arziki, akwai ilimin koyarwa. Tun 2010 aka buɗe jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram don a rage wa jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kaya. Illela ba nisa gare ta ba. A je a tambaya wane sassauci suke da shi ga wanda ba ya iya zama kullum. Wanda kuma ke jin Ingilishi, ƴan Ƙonni sun san NOUN, jami'ar karatun nesa ta Najeriya, tana da cibiya a Sakkwato, sai dai a fara tambayar matsayin takardarta a nan.

Alhaji Mai Albasa: To ni saura tambaya guda, kuma ba gardama ba ta. Ranar jarrabawa, wa ka ganin ita ta rubuta? Ga miji ɗan boko zaune kusa, ga wannan abin da yara ka tambaya cikin waya shi rubuto musu komi.

Mai Shari'a: Alhaji, wannan tambayar ita ce ma'auni mafi sauƙi. Makarantun da suka san abin da suke yi, karatu daga gida ne amma babbar jarrabawa a zaure ake yin ta, da katin shaida da mai tsaro, ko kuma a sa ka gaban kyamara malamai su yi maka tambayoyi baki da baki. Wadda ta ce komai daga ɗaka har diplom, babu ranar da za a ga fuskarka, takarda take sayarwa. Don haka ko a karatun nesa a sa kuɗin mota a lissafi, sau ɗaya ko biyu a shekara sai an yi tafiya.

Ɗan Abijan: Tunda Alhaji ya fara saukowa, ina da roƙo. Shagon nan naka na Sabon Gari da ke rufe tun da ka mai da kaya Galmi, ka ba ɗalibai aronsa mana. Mu ƴan Abijan za mu yi karo-karo mu sayi faranti da batir, Injiniya ya haɗa.

Alhaji Mai Albasa: Ban sauko ba. Amma shago na nan. Sharaɗi biyu: mata da safe, maza da marece, kuma ba a kallon bal ciki.

Injiniya: Na ɗauki haɗa sola da intanet. Kuɗin wata-wata fa, wa zai riƙa biya? Faranti sau ɗaya ake saye, forfe kuwa kowane wata ne.

Kawun Yara: Kada kowa ya dube ni.

Hajiya Ungozoma: Mabuɗin safe a kawo mini, gidana ne kusa. Na wata-wata kuwa a bari sai Asabar, Baba Darakta ya tara mu a ƙofar gidansa bayan la'asar, kowa ya zo da abin da zai iya.